Ɗokin Littafi Na Gaba: Soyayya da Aljanu a Hannun Matasan Tambuwal da Kebbe

A 'yan shekarun nan, da zarar wata marubuciya ta sanar cewa sabon littafinta zai fara fita bayan Sallah, ta kuma ɗan tsegunta cewa saurayin da ke cikin labarin ba ɗan Adam ba ne, to akwai 'yan mata a Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Kebbe da Kuchi da za su shiga ƙirgen kwanaki. Abin da suka gani bai wuce hoton bango da aka watsa a WhatsApp ba, amma sun riga sun ware kuɗin data, har sun fara gardama a kan ko jarumar za ta ƙare a hannun aljanin ko za ta dawo ta auri ɗan baffanta. Manya da yawa suna ɗaukar wannan sabuwar fitina ce da waya ta kawo. Ni ban ga haka ba. Ɗokin nan ya girmi waya nesa ba kusa ba, aljanin da ke cikin labarin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Kafin a san takarda, dandali da ɗakin kaka su ne gidan labari. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji tatsuniyar budurwar da ta rantse ba za ta auri kowa ba sai namiji marar tabo a jiki. Samarin gari suka zo ɗaya bayan ɗaya ta kore su, sai ga wani kyakkyawa daga nesa wanda ko ƙwarzanen ƙaya babu a fatarsa. Sai da aka kai ta tsakiyar daji ta gane cewa kyan nan na aro ne, mijin kuma ba mutum ba ne. Kusan duk abin da marubutan yau suke juyawa yana cikin wannan gajeren labari: yarinya mai taurin kai, baƙo mai kyan da ya wuce hankali, iyayen da aka ƙi jin maganarsu, da tsoron da ke tafe tare da so. Jiran ma yana nan, domin tatsuniya ta dare ce, idan barci ya ɗauki kaka ko aka kira yara su kwanta, sai a kwana a wuni da labari a rai har wani daren.

Da Turawa suka zo, ƙasar Sakkwato na cikin wuraren da suka fi ɗibar irin waɗannan labarai. Manjo Burdon, wanda ya yi Razdan a Sakkwato, ya sa malamai sun rubuta tatsuniyoyi da labarai da ajami, kuma da su Frank Edgar ya gina babban ɓangare na Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mai juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913. Edgar ɗin ne kuma ya fitar da Dare Dubu da Ɗaya da Hausa a 1924, littafin da gininsa duka a kan jira yake, tunda mai ba da labarin tana tsayawa ne daidai inda sarki ba zai iya haƙura ba. Aljanu masu sace amare da 'ya'yan sarakunan aljanu masu son 'yan Adam sun cika shi.

Malamai ma ba su bar zancen ga masu tatsuniya kaɗai ba. Alƙur'ani yana da sura sukutum mai sunan aljanu, sura ta 72. Wani malamin Sham, Badruddin Shibli, ya rubuta Akamul Marjan a ƙarni na 14, inda ya tattauna har hukuncin aure tsakanin mutum da aljan. A nan aka kawo ruwayar cewa an tambayi Imamu Malik game da irin wannan aure, ya nuna ƙinsa, don gudun kada mace ta zo da ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Na kawo wannan ne don mai karatu ya ga bambancinmu da wasu al'ummu tun daga tushe. A wajenmu aljani halitta ce da muka yi imani da samuwarta. Wanda ya ɗauki alƙalami ya sa shi cikin labarin soyayya, ya taɓa abin da mai karatunsa yake tsoro da gaske.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko. Duba su ka gani. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam, bai kai ga ruwan ba sai da ya ratsa ta hannun aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara ya bar yaƙi da Nasara ya faɗa duniyar aljanu. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, labarin so ne tsantsa: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuma ya shiga daji neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa. Wato tun ranar farko so da gaibu suna tafe tare a rubutunmu.

Sai dai mutum nawa ne a Tambuwal ko Kebbe suka karanta waɗannan a lokacin? Kaɗan ne ƙwarai. Ba don ƙasar ba ta san karatu ba. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, malami kuma mawaƙi, kuma tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u ya daɗe da kai waƙoƙin ilimi cikin gidajen mata a karkarar Sakkwato. Karatun Larabci da ajami ne, boko kuwa ana yi masa kallon hadarin kaji. Sai a shekarun 1950, da Yaƙi da Jahilci da jaridar lardi Zaruma, sannan da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, aka samu tarin yara maza da mata da ke iya haɗa baƙi da wasali a boko. Yaran 1976 ɗin nan su ne suka zama samari da 'yan mata daidai lokacin da kasuwar littattafan soyayya ta buɗe.

Wadda ta fara buɗe ƙofar ita ce Hafsat Abdulwahid, da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa. Ana yawan tuna shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, kuma haka ne. Abin da ake mantawa shi ne, ban da dangin da suka ƙi auren Boɗaɗo da Yasir, har da aljana a cikin masu neman raba su. Marubuciyar ta yi yawancin zamanta a Gusau, wadda take cikin jihar Sakkwato har zuwa 1996, don haka muna da hannu a wannan tarihi fiye da yadda muke zato.

Bayan haka abin ya koma Kano. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ga Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, ga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. A nan ne jira ya zama tsari, kuma dalilinsa kuɗi ne. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Marubuci shi zai tara kuɗinsa ya kai wa mai injin buga takardu. Ba shi da ƙarfin buga labari mai shafi ɗari uku a lokaci guda, mai saye ma ba shi da kuɗin sayensa. Sai a yanka labarin gida biyu ko uku ko huɗu, a buga na ɗaya siriri, a jira cinikinsa ya dawo a buga na biyu. Marubuci mai wayo kuma ya san inda zai sa wuƙa: ranar ɗaurin aure amarya ta ɓace, ko saurayi ya juyo ta ga ƙafarsa kofato ce, sai a ce mai karatu ya tari littafi na gaba. Talauci ne ya haifi dabarar, amma ita ce ta riƙe masu karatu shekara da shekaru.

Mu da muke kudancin Sakkwato jiranmu ninki biyu ne. Ɗan Kano yana jin an ce littafi ya fito zai taka zuwa Sabon Gari ya saya. Namu sai ya hau mota ya bi Funtuwa da Gusau ya sauka Sakkwato, dillali ya ɗauka, sannan ya biyo hanyar Boɗinga da Shagari ya iso Tambuwal cikin kwali ɗaure da igiya. Kebbe kuwa, da take can gefe da babbar hanya, sai wanda ya ci kasuwa ya koma da shi. Ina iya ganin mai littattafan nan har yanzu: ya shimfiɗa buhu a ƙasa, gefe ɗaya Ƙawa'idi da Ishiriniya da Ahalari, ɗaya gefen littattafan soyayya jere, ya ɗora ƙananan duwatsu a kansu saboda iska, bangonsu ɗauke da zanen budurwa mai manyan idanu ko hoton 'yar fim ɗin Indiya, rana ta fara cinye launin na sama. Yaro zai zo da kuɗi ƙulle a hannu, aiko ne daga cikin gida.

"Baba, Inna ta ce na ukku ya iso?"

"Bai iso ba, ɗana. Ka ce mata mai mota bai zo da shi ba, sai kasuwa mai zuwa in Allah ya so."

Yaron nan zai koma, kuma gidan duka zai ji babu daɗi, domin ba mutum ɗaya ke jira ba. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa. Akwai masu ba da haya, kwana ɗaya ko biyu a kan 'yan kuɗi kaɗan, kuma kafin ya dawo hannun mai shi ya yi laushi kamar tsumma, an ɗinke bayansa da zare, wani lokaci shafin ƙarshe ya ɓace sai wadda ta riga ta karanta ta ba da shi da baki. Bayan azahar, an gama aikin abinci, matan gida za su zauna a inuwa, wata tana tsifa wata tana saƙar hula, yarinyar da ta yi makaranta tana karantawa da ƙarfi. Idan aka zo inda aljani ya bayyana sai ka ji ana a'uziyya, amma babu mai cewa a rufe littafin. Na san matan aure da suka bar makaranta tun aji huɗu na firamare, waɗanda ba don waɗannan littattafai ba da karatun ya gudu daga kansu. Na san wadda ta koyi haɗa baƙi a gidan miji, don kawai ta gaji da jiran 'yar kishiyarta ta dawo daga makaranta ta karanta mata. Wannan shi ne babban abin da nake so a riƙe game da littattafan nan, kuma shi ne abin da masu sukarsu suka fi tsallakewa.

Samari suna da nasu. Littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, masu sadaukai da bokaye da sarakunan aljanu, su ma kashi-kashi suke fita, kuma da wuya ka ga wanda babu gimbiyar da ake mutuwa a kanta. Nazir Adam Salih ya yi suna wajen labarai masu tayar da tsigar jiki. Fina-finan Indiya kuma sun zuba nasu gishirin. Wanda ya kalli Nagina na 1986, inda Sridevi ta fito a matsayin macijiya mai rikiɗa ta zama mace ta auri ɗan Adam, ya san inda wasu marubutanmu suka ɗebo ruwa. Ba su sha wahalar sayar mana da shi ba, tunda macijin da ke rikiɗa yana cikin tatsuniyarmu tun fil azal.

Suka ba ta yi jinkiri ba. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana kiran abin adabin kasuwar Kano, yana ganin ba zai daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare shi. A gidaje da makarantun kwana ana ƙwace littattafan, ɗalibai suna ɓoye su cikin bangon littafin lissafi. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu a bainar jama'a a Kano, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta matsa wa marubuta su yi rajista. Ba zan ce duk kukan iyaye banza ne ba. Akwai littattafan da aka rubuta da gaggawa, Hausarsu a karye, akwai masu batsa. Amma wuta ba ta tace komai ba. Mai kyau da maras kyau tare suka ƙone, masu karatu kuma ba su ragu ba, hanya kawai suka sauya.

Abin lura, a daidai wannan lokaci duniyar Turawa tana cikin irin wannan zazzaɓi. Stephenie Meyer ta Amurka ta fitar da Twilight a 2005, labarin 'yar makaranta da ta kamu da son wani saurayi mai shan jini wanda ba ya tsufa. Da littafi na huɗu zai fito a watan Agusta na 2008, matasa sun yi layi a shagunan littattafai har tsakar dare, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a ranar farko. Can an mayar da ɗokin matasa biki da ciniki, kamfanoni suna sanar da ranar fitowa tun da watanni. Nan kuwa yarinyar da ke ɗokin littafi sai ta ɓoye ɗokinta. Duk da haka kada a ce daga gare su muka koya. So Aljannar Duniya ya girmi Twilight da shekara 25.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma sai da wayoyi masu intanet suka yi araha kasuwar takarda ta fara durƙushewa. Marubuta, yawancinsu mata matasa, suka koma Facebook da Wattpad da WhatsApp. Yanzu ba wata uku ake jira ba, kwana ɗaya ne, sai dai jiran ya fi na da zafi. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai ta ce daga nan sai wadda ta biya, a tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa mutum cikin guruf. Masu karatu suna yi mata sharhi a daren da ta saki shafi, suna roƙon kada ta kashe wane, suna fushi idan ta yi kwana biyu shiru. Wasu kuma suna sace shafukan kuɗi su watsa, marubuciya ta bi su da Allah ya isa. Wadda ba ta iya karatu ba ma an daina barinta a baya. Rediyo ya riga ya share hanya da shirye-shirye irin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko, yanzu kuma ana karanta littattafai a YouTube, mai cajin waya a bakin kasuwa yana tura wa mutane su a memori.

Wannan ne karo na farko da 'yar Kebbe take samun shafi a minti ɗaya da 'yar Kano. Amma sabuwar hanyar ma tana da nata mai motar da ba ya zuwa. Wutar lantarki ba ta tsayawa, sabis yana rawa a ƙauyuka, kuma a watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Tambuwal. Rashin ci gaban labari shi ne mafi ƙanƙantar asarar da mutane suka yi a lokacin, kowa ya sani. Na ambace shi ne don a yankin da tsoro ya hana zuwa gona da kasuwa, ya rage hirar dandali, labarin da ke cikin waya na daga cikin 'yan abubuwan da suka rage wa yarinya na sanyaya rai, kuma bai kamata a raina wannan ba.

Inda nake da damuwa shi ne yadda wasu sababbin labaran suke ɗaukar aljani. A tatsuniya, miji marar tabo gargaɗi ne. A littattafan 1990 aljani yawanci abokin gaba ne da ake kora da addu'a. Yau kuwa sau da yawa shi ne gwarzon: kyakkyawa, mai dukiyar da ba ta ƙarewa, mai kishin da yake nakasa duk saurayin da ya matso, kuma ana nuna wannan kishi a matsayin ƙololuwar so. Mu kuma muna zaune ne cikin al'ummar da ake danganta jinkirin aure da mutuwarsa ga namijin dare, inda ake kai 'yan mata wajen ruƙiyya, inda yarinya mai farfaɗiya ko ciwon damuwa kan daɗe ba a kai ta asibiti ba domin an ce iska ce. Baturiyar da ta karanta labarin mai shan jini ta san babu shi. 'Yar shekara goma sha biyar a Ungushi ba haka take karanta labarin aljani ba. Ban ce a daina rubutawa ba, kuma ba na goyon bayan masu neman a hana. Ina cewa marubuciyar da ta san 'yan mata dubu suna jiran shafinta a daren nan ta san nauyin da ke kanta, kada ta koya musu cewa wanda ya mallake ka ya raba ka da kowa shi ne mai sonka, aljani ne shi ko mutum.

Sai abu na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Tun daga zamanin buhun mai littattafai har zuwa na waya, mu masu jira ne, wasu ke rubutawa. Jarumar tana zaune a Nasarawa ta Kano ko Maitama ta Abuja, aljanin yana kai ta Dubai. Da wuya ka ci karo da labarin da aka kafa a fadamun gulbin Zamfara, ko a gindin wata tsohuwar kuka da mutanen gari ke kauce wa da tsakar rana, da mutane masu cewa "mi kaka so" da "munka tafi" yadda muke magana. Alhali kayan aikin a ƙofar gidanmu suke. Muna da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a nan Tambuwal. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen harsunan Nijeriya da masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, da suka daɗe suna nazarin al'adun Hausawa da abin da suka ɗauka game da iskoki da magani. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tana karɓar labaran mata tun 2016, kuma ba ta tambayar ko daga wane gari aka turo. Kuɗin injin buga takardu da ya tsare na da, yanzu babu shi a hanya.

Don haka kirana ga iyaye da malaman makaranta a Tambuwal da Kebbe shi ne, idan kun ga yarinya ta ƙagu da jiran littafi, kafin ku karɓe wayar ku tambaye ta labarin me ake ba ta, ku karanta shafi biyu tare, ku nuna mata inda aka yi daidai da inda aka kauce. Ke kuma da kika haddace salon marubuta goma, kika san tun daga shafi na biyar wanda zai zama aljani, ki je wajen kakarki tun tana da rai ki karɓi labaran da take da su, ki rubuta naki da Hausar garinku, ki sa ranar fitowarsa.